Kundin aiki: rubuta fim ɗin binciken kisan kai na shekarar 1934

6 ga Janairu

Na tsayar da shekara da wuri: 1934, a wani babban gida da ke ƙauyen Ingila. Fim ne na talabijin mai minti 90, da gawa a farkonsa, da mai bincike, da tarin mutanen da kowannensu zai iya zama shi ne. Zan riƙa rubuta a nan waɗanne al'adun irin wannan fim na ɗauka, waɗanne na ajiye, da dalili.

Masu irin wannan labari suna yawan komawa shekarun da ke tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, kuma dalilin ya wuce tsofaffin motoci da huluna. A lokacin, kimiyya ta isa ta taimaka wa ɗan sanda amma ba ta isa ta yanke masa hukunci ba. Scotland Yard, hedikwatar 'yan sandan Landan, ta buɗe ofishin zanen yatsu tun 1901, a 1905 kuma aka rataye wasu 'yan'uwa biyu a Landan saboda tambarin babban yatsa da aka samu jikin akwatin kuɗi. Ke nan mai kisa a 1934 ya san ya sa safar hannu, kuma da ya sa, an gama da wannan hanyar. Gwajin rukunin jini yana iya cewa wannan ba jinin wane ba ne, amma ba ya iya nuna na wane ne. Gwajin DNA sai 1984. Ko lambar kiran gaggawa ta 999 ba ta zo Landan ba sai 1937. Abin da ya rage wa mai bincike shi ne ya tambayi mutane, ya saurara, ya gano inda zancensu bai haɗu ba. Mai kallo ma zai iya yin wannan daga kujerarsa, kuma a nan daɗin wasan yake.

Sannan akwai igiya. Hukuncin kisan kai a Birtaniya rataya ne har 1965. Duk wanda mai bincike ya nuna da yatsa a ƙarshe, mutuwa ya nuna masa, ko da fim ɗin bai faɗa ba.

15 ga Janairu

Rufe ƙofa. Dole a hana baƙo shiga, a hana na ciki fita, in ba haka ba kowa a ƙasar abin zargi ne. An saba yin haka da dusar ƙanƙara, ko tsibiri, ko jirgin ƙasa da ya maƙale. Ni kogi na sa ya cika ya ci gada, layin tarho kuma ya tsinke da shi.

Mutum bakwai na fara da su, na rage zuwa shida. A littafi mai karatu yana iya komawa baya ya duba wane ne wane. A talabijin fuska ta wuce ta wuce. Kowane ɗaya yana buƙatar fitowar gabatarwa, da ta tambayoyi, da lokacin da zargi zai faɗa kansa. In aka lissafa mintocin, na bakwai ba shi da wurin tsayawa.

24 ga Janairu

Mamacin. Al'ada ta ce ya zama attajiri mai mugun hali, wanda zai ɓata wa kowa rai a teburin cin abinci kafin a kashe shi. Da farko na ɗauki wannan a matsayin kasala, amma da na zauna rubutu na ga aikin da yake yi. Minti goma sha biyar kacal ake da su kafin gawa ta bayyana, kuma a cikinsu ake son a ba mutum shida dalilin kisa. Hanya mafi sauri ita ce a bar shi da bakinsa ya taka kowa. Aiki na biyu ya fi wannan wayo: in mamacin abin tausayi ne, mai kallo zai shiga jimami, mai jimami kuwa ba ya lissafin agogo. Ana son zuciyarsa ta huta don kansa ya yi aiki.

Duk da haka ban yarda ya zama dodo ba. Nawa tsohon mai masaƙa ne da matarsa ta rasu, ba shi da ɗa, yana ciyar da dangi yana kuma goranta musu. Laifinsa a daren shi ne ya sanar cewa zai yi aure.

Wasiyya ita ce ƙashin bayan rabin waɗannan finafinai, kuma yawancinsu a kasale suke amfani da ita: tsoho ya ce gobe zai kira lauya, da dare a kashe shi. Dokar Ingila tana da abin da ya fi haka. Bisa dokar wasiyya ta 1837, aure yana soke duk wasiyyar da mutum ya rubuta kafinsa, sai dai in an rubuta ta da niyyar wannan auren, wanda wata doka ta 1925 ta halatta. Ashe tsohon ba ya buƙatar yi wa kowa barazana. Ranar da aka ɗaura, takardar da dangi suka dogara da ita ta zama banza. In ya mutu bai sake wata ba, amarya ce za ta kwashe kayan gida da fam 1,000 na farko, ta kuma ci moriyar sauran dukiyar muddin ranta. In kuma ya sake, kafin dokar 1938 ba abin da zai hana shi cire kowa, ba kuma kotun da za a kai kuka. Wannan ya ba ni wa'adi wanda ba wanda ya furta shi: sati uku kafin biki. Ya kuma wanke amarya daga farko, domin ita kaɗai ce mutuwarsa kafin aure ba ta amfana. Masu kallo da suka ga irin wannan fim da yawa za su zarge ta saboda wannan wankewar, ni kuma haka nake so.

Sauran dalilan na gargajiya ne, ban ji kunyarsu ba: ɗan wansa da hannun jarinsa ya narke bayan faɗuwar kasuwa ta 1929, tsohon soja da yaƙin 1914 bai bar kansa ba, likitan gida mai bashi, sakatare mai yawan shiru, da ƙanwar mamacin wadda ta riƙe masa gida shekara ashirin.

2 ga Fabrairu

Na so guba, don ita ce sarauniyar wannan fage. Agatha Christie, shahararriyar marubuciyar irin wannan labari, ta yi aiki a ɗakin haɗa magani lokacin yaƙin farko, kuma daga can ta fito da ilimin da ya sa guba ta mamaye labaran zamanin. Tana da amfani ga marubuci: ba ta buƙatar ƙarfi, don haka tsohuwa da saurayi duk ɗaya ne a zargi, kuma ba a zubar da jinin da zai hana a nuna fim da wuri. Tana kuma barin sawu a takarda, domin a wancan zamani, tun dokar 1851, mai sayen gubar asanik sai ya sa hannu a littafin mai shago.

Matsalar ita ce lokaci. Asanik ba ya kashewa nan take kamar yadda ake nunawa, mutum ya kurɓa ya riƙe maƙogwaro ya faɗi. Awoyi yake ɗauka ana amai da ciwon ciki, wani lokaci kwanaki. Kuma da guba, lokacin mutuwa ba ya nuna inda mai kisa yake, tunda tana iya jira a kwalba tun safe. Dabarar da nake ginawa tana son mutuwa mai minti guda sananne. Saboda haka tsohon zai mutu da bugu a ƙeya, a ɗakin karatunsa. Gubar na ajiye ta don gaba.

4 ga Fabrairu

Na cire ɓoyayyar ƙofa a bayan kantar littattafai. Ba ta yin komai sai burgewa.

17 ga Fabrairu

Na koma kan dokoki goma da Ronald Knox, limamin cocin Katolika kuma marubuci, ya fitar a 1929, shekara guda bayan S. S. Van Dine ya fitar da nasa ashirin a Amurka. Wasu sun tsufa, ɗaya ma wariya ce tsantsa. Amma jigonsu yana nan daram: a nuna mai laifi tun da wuri, ban da aljanu, ban da gubar da kimiyya ba ta sani ba, ban da tagwaye sai an yi shimfiɗa, kada sa'a ta warware wa mai bincike matsala, kuma duk alamar da ya gani sai an nuna wa mai karatu. Ƙungiyar marubutan da aka kafa a Landan a 1930 har rantsuwa take sa sabon shiga ya yi a kan irin wannan adalci.

Sai dai don littafi aka rubuta dokokin, kuma a nan na fi daɗewa. Marubucin littafi yana iya binne alama a tsakiyar jimla, tsakanin launin labule da ƙamshin taba, ido ya wuce ta kai bai tsaya ba. Kyamara ba ta da tsakiyar jimla. In ta matsa kusa da kofi, duk mai kallo ya san akwai magana a kofin. In ba ta nuna shi ba sam, a ƙarshe a ce an yi ha'inci. Yawancin abubuwan da ake yi wa dariya a waɗannan finafinai, da na bi su ɗaya bayan ɗaya, hanyoyi ne na fita daga wannan tsaka mai wuya.

Rigimar da ake yi a gaban kyamara, alal misali, sau da yawa ba don kanta ake yin ta ba. Ana so ido ya tsaya kan masu faɗa yayin da a bayansu wani yake ɗauke wani abu daga kan tebur. Aikin mai dabo ne: hannun da yake kaɗawa ba shi ne yake aiki ba. Sakaran cikin gida, kawu mai surutu ko gwaggo mai mantuwa, an ajiye shi ne don a sa muhimmiyar magana a bakinsa, tunda an riga an koya wa mai kallo kada ya saurare shi. Hanyar da na fi so ita ce a nuna abu ƙuru-ƙuru, a matso da kyamara har a cika allo da shi, sannan nan take wani ya ba shi fassarar da ba ita ba. Mai kallo ya ga alamar, ya ji an bayyana ta, ya ajiye ta a matsayin abin da aka gama da shi. Ba wanda ya ɓoye masa komai.

Hannu mai safa da ake nunawa yana murɗa ƙofa, da inuwa a bango, da kyamara da ke tafiya a matsayin idon mai kisa, su ma daga nan suka fito. Dole a nuna kisan don a kama mai kallo kafin ya sauya tasha, dole kuma a ɓoye fuska. Ni zan tsallake wannan. Za a ji kisan daga ƙasa, ba za a gan shi ba.

1 ga Maris

Agogo ya zauna. Agogon da ya fashe a hannun gawa ya tsaya daidai lokacin kisa ya tsufa har mai kallo ya san ƙarya ne kafin mai bincike ya buɗe baki. Na nemi wani abu daga zamanin kansa. Birtaniya ta fara tura agogo gaba da awa ɗaya a bazara tun 1916, kuma a shekarun da nake rubutu a kai, a farkon Oktoba ake mayar da shi, daren Asabar wayewar Lahadi. A wannan dare, gida mai agogo goma yana iya zama da lokaci biyu.

'Yar aiki tana wanke-wanke ta ji faɗuwar abu mai nauyi a sama, ta ɗaga kai ta ga sha ɗaya da kwata a agogon kicin. Mutum huɗu suna karta a falo har sha biyu, kowa shaidar kowa. Shugaban barori ya rantse cewa sai ranar Lahadi da safe yake zagayawa ya gyara agogunan gida, kuma gaskiya ya faɗa. Abin da ba wanda ya tambaye shi shi ne cewa kicin ba yankinsa ba ne, na mai dafa abinci ne, ita kuwa an ce mata ta mayar da nata baya tun bayan cin abincin dare. Sha ɗaya da kwata na kicin, sha biyu da kwata ne a falo, bayan an watse. Likita ba zai iya raba gardama ba, domin sanyin gawa da sandarewarta tazarar awoyi suke bayarwa, ba mintoci ba.

Ba shaidar da ya yi ƙarya ko ɗaya a kan lokaci. Wadda ta ba da umarnin mayar da agogon, ta kuma yi kisan, ita ce ƙanwar mamacin, wadda ke zaune a teburin karta da hujja mafi ƙarfi a gidan. Zancen sauya agogo zai fito a minti na shida daga bakin tsohon soja, yana murnar ƙarin awa guda na barci, ana masa dariya.

9 ga Maris

Van Dine ya hana a sa bara ya zama mai kisa, wai ya yi sauƙi, wai mai laifi ya zama mutum mai daraja. Dalilin nasa raini ne, kuma finafinai da yawa sun gaji rainin: 'yar aiki ta shigo, ta yi ihu, ta yar da faranti, shi ke nan aikinta. Alhali a ƙidayar 1931 mata fiye da miliyan ɗaya ne suke aikin gida a Ingila da Wales. Su ne suke tashi kafin kowa, su kwashe toka, su san gadon da ba a kwana a kai ba da takalmin da ya dawo da laka. Na bar barorina ba su kashe kowa ba, amma amsar duka tana hannunsu, kuma abin da ya jinkirta ta shi ne masu gida da sufeton 'yan sanda ba sa ganin akwai abin tambaya a ƙasan bene. Mai kisan ma a kan wannan ta dogara.

22 ga Maris

Na ba wanda zai ba da umarnin fim ɗin rabin farko. Ya karanta ya ce, “Malam, daga minti na talatin zuwa hamsin mutane ne kawai a zaune ana yi musu tambaya. Ina gawa ta biyu?”

Yana da gaskiya, kuma dalilin na kasuwa ne kafin ya zama na fasaha. Inda ake yanka fim da talla, kowane yanki yana son ya ƙare da abin da zai hana a tashi, tsakiya kuma ta fi kowane wuri son girgiza. Shi ya sa ake samun wannan mutumin da ke jan mai bincike gefe ya ce ya tuna wani abu, amma ba zai faɗa a nan ba, su haɗu da ƙarfe tara. Kowa ya san ba zai kai tara ba. Ba na son wannan ko kaɗan, domin mai hankali ba ya yin haka. Sakatarena ba zai nemi mai bincike ba. Ya lura da bambancin agogon, ya ga hanyar samun kuɗi, ya je wajen ƙanwar mamacin kai tsaye. Kwaɗayi dalili ne da ake yarda da shi. A nan guba ta dawo: sayanaid, wadda a lokacin ake saya don kashe gidan rina a lambu, tana kisa cikin mintoci, kuma ana sa hannu a littafi kafin a karɓa. Warin da ake cewa tana da shi ba kowane hanci ke jin sa ba, don haka sufeto zai shinshina kofin ya ce ba komai.

Gawa ta biyu tana kuma cire wanda zargi ya fi karkata kansa, ta tilasta a sake lissafi daga tushe.

5 ga Afrilu

Mai bincike da abokin tafiyarsa. Knox ya ce abokin ya zama hankalinsa ya ɗan gaza na mai karatu kaɗan, kuma kada ya ɓoye tunaninsa. A talabijin ya fi haka muhimmanci, tunda ba a jin abin da ke cikin kan mutum. In ba wanda zai tambaya, mai bincike zai yi ta kallon bango ne. Na ba shi ƙaramin ɗan sandan ƙauye da ambaliya ta tsare tare da su.

Sufeto mai gaggawar kama wanda bai ji ba bai gani ba yana nan, amma ban mayar da shi wawa ba. Duk abin da ya faɗa yana bisa hujja. Agogo ɗaya ne kawai bai tambaya ba. Ban ba mai bincikena wata ɗabi'a ta ban mamaki ba tukuna. An saba ba su gashin baki, ko lofe, ko saƙa, kuma amfaninsu shi ne su sa a raina mutum har a saki baki a gabansa. Nawa tsohon mai binciken inshora ne, mai gajiyar da mutane da tambayar ƙananan abubuwa. Wataƙila hakan ya isa.

19 ga Afrilu

Taron falo. Na gwada rubuta ƙarshen ba tare da shi ba, a ce mai bincike ya tare ƙanwar mamacin ita kaɗai a lambu. Ya fi kama da rayuwa, amma ya bar mutum huɗu da asirinsu a rataye. Taron yana biyan bashi ne: duk ƙaryar da aka yi a fim, ta mai sata, ta mai soyayyar ɓoye, ta mai bashi, sai an faɗi dalilinta, kuma mai kallo yana so ya ga fuskar kowa lokacin da yatsa ya biyo ta kansa ya wuce. Ya ci minti goma sha huɗu. Ya yi yawa, zan rage biyu.

Waiwaye, wato komawa baya a nuna abin da ya riga ya faru, yana da ƙa'idar da ba a rubuta ba. Abin da shaida ya faɗa da baki yana iya zama ƙarya, amma abin da kyamara ta nuna ana ɗaukarsa gaskiya. Hitchcock, shahararren mai ba da umarnin fim, ya nuna waiwayen ƙarya a wani fim nasa na 1950, ya kuma sha suka a kai. Don haka lokacin tambayoyi ba zan nuna hoton abin da kowa ke faɗa ba, sai fuskarsa. Waiwayen ƙarshe kuma ba zai ƙunshi sabon hoto ba sai na kisan kansa. Sauran duk fitowa ce da aka riga aka gani, an dai matso da abin da ke baya zuwa gaba.

Amsa laifi ita ce inda na fi jayayya da al'ada. Sau da yawa hujjar mai bincike ba za ta tsaya a gaban alƙali ba, shi ya sa ake sa mai laifi ya fusata ya tona kansa, ko a bar shi ya shiga ɗaki shi kaɗai a ji ƙarar bindiga, don a kauce wa zancen igiya. Tawa ba za ta yi ko ɗaya ba. Akwai maganar mai dafa abinci, akwai sa hannun ƙanwar a littafin guba, akwai ɗan littafin aljihun sakatare inda ya rubuta lokuta biyu gefe da gefe. Sufeto zai yi mata gargaɗin da ƙa'idojin alƙalai na 1912 suka tanada, cewa ba dole ta yi magana ba. Za ta ɗauki shawarar, ta nemi a kira mata lauya.

27 ga Afrilu

Matsala ɗaya ba ta rubutu ba ce. Masu kallo sun daɗe da gane cewa fitaccen ɗan wasa ba ya karɓar ƙaramin matsayi a banza, don haka in suka ga babbar fuska tana zuba shayi ba ta cewa komai, sun gama bincikensu. Mun yi magana da mai ba da umarni: ko dai a sa sanannu uku, ko a ba fitacciyar matsayin amarya, a nemo wa ƙanwar wadda ba a saba gani ba. Ya fi karkata ga na biyu saboda kuɗi.

Saura fitowar zaman binciken musabbabin mutuwa. A wancan zamani masu taya jami'in binciken mutuwa hukunci suna iya ambaton sunan wanda suke ganin ya yi kisan, ikon da ba a cire ba sai 1977, kuma ina so su ambaci ɗan wan mamacin. Amma zaman yana nufin an gyara gada an fita daga gidan, ni kuwa ina buƙatar ƙofa a rufe har minti na saba'in. Ko dai in jinkirta janyewar ruwan, ko in mayar da zaman barazanar da sufeto ke yi da baki. Zan rubuta duka biyun in ga wanda ya fi gajarta.